Shekarar da Na Kasa Tsallaka Titi

Ummi, wannan babin naki ne. Yanzu shekararki biyar, karatunki bai wuce abin da kike rerawa kina tsalle a kan katifa ba, amma wata rana za ki iya, kuma na san kafin ranar wani zai riga ni ba ki labarin. Za a ce miki akwai shekarar da uwarki ta taɓu. Za a ce saura ƙiris a ba da ke riƙo. Wataƙila ma a ce miki kakarki Inna mace ce mai taurin rai da ba ta iya nuna wa 'yarta ƙauna ba. Gara ki ji daga bakina tun hannuna bai daina rawa ba, don in na bari sai na warke sarai, zan gyara labarin ya fi yadda ya faru kyau.

A nan Agege aka haife ni, a gidan hayar da ke bayan layin dogo, kuma ni ce 'yar fari. Baba mahauci ne, tun yana saurayi ya sauko daga ƙasar Katsina ya kama aiki a mayanka, da ya yi ƙarfi ya koma ƙauye ya auro Inna. Ta zo Legas da tandar waina, da carbi, da kunyar ɗan fari, kuma cikin ukun nan babu wanda ta ajiye. A wurinsu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. “Ke” nake, ko “waccan”. Wani lokaci ina zaune gwiwata na taɓa tata, sai ta ce wa ƙanwata, “Sadiya, ce wa yayarki ta sauke tukunya.” Su kuwa Yarabawa da sunan ɗan fari suke kiran uwa, shi ya sa ba a raba Inna da maƙwabciyarmu Iya Basira a kan wannan magana. Kusan kowace safiya sai an yi.

“Iya Rabi, e ku ile o!”

Inna ta ci gaba da juya waina kamar ba da ita ake ba.

“Iya Rabi! Kin kurumce ne?”

“Iya Sadiya dai,” in ji Inna, ba ta ɗago ba.

“Haba! Wadda ta fara buɗe miki hanya ita za ki ɓoye? Hausa, na wa o.”

Ni da na tashi a tsakanin yaran da iyayensu ke rungume su a bakin makaranta, abin ya sha ci mini rai. Amma na saba, har na yi aure na haife ki, muka kama ɗaki da Abbanki a lungun da ke gaba da nasu.

Wata Talata da safe na je Ketu sayo wa Inna tattasai da tumatir na miyar waina. Na gama sayayya, kwando a kaina, ina tsaye a bakin titin Ikorodu ina jiran hanya. Wata dattijuwa da ban sani ba ta ce mini da Yarbanci in riƙe mata hannu mu tsallaka tare, idonta ba ya gani sosai. Na riƙe. Mun kai tsakiya ke nan na ji hon mai tsawo, irin wanda ba ya yankewa, na ji mutane na ihu. Wata babbar mota ce birkinta ya tsinke. Abin da na tuna bayan haka shi ne tumatir yana ta gangarawa a kan kwalta, da mutane a kaina suna ta “madam, madam”, da hannun matar har lokacin a cikin nawa. Ni ƙashin cinyata ne ya karye. Ita ba ta tashi ba. Allah Ya jiƙanta, har yau ban san sunanta ba.

An sa mini ƙarfe a ƙafa, aka mai da ni gidansu Inna jinya tare da ke. Kullum Baba sai ya dawo daga mayanka da ƙashi mai ɓargo a leda, ya ajiye wa Inna ya ce, “Ƙashi da ƙashi ake ɗora shi.” Na sha romo har na ƙi jinin warinsa. Wata huɗu na ajiye sanda, wata biyar ina iya wanki a tsugune. Kowa ya ce alhamdulillahi, an gama. Sai dai ni tun da aka shigo da ni gidan ban ƙara taka wajen ƙofa da ƙafata ba. In okada, wato ɗan acaɓa, ya yi hon a lungu, sai cokali ya faɗi daga hannuna. In tirela ta wuce a babban titi har ƙasa ta ɗan girgiza, sai gumi ya jiƙe ni. Zuwa asibiti gashin ƙashi ma sai a keke-napep ɗin wani abokin Baba, a sauke labule, in cusa auduga a kunne in rufe ido. Inna takan jawo kaina ta kifa a cinyarta ta lulluɓe da hijabi, tana kallon waje tana cewa, “Yau akwai rana.” An yi mini rubutu, an yi addu'a, liman da kansa ya zo har tsakar gida ya yi tofi, Allah Ya saka masa. Nakan ji sanyi a zuciya, amma ƙofar gida tana nan kamar an gina mini katanga.

Ranar da abin ya zama magana, shekararki uku da 'yan watanni. Inna ta shiga wanka, Sadiya na makaranta, wani mai balan-balan ya wuce yana busa usur, kuma wani ya bar ƙofa a buɗe. Na gan ki kin fita da gudu. Na bi ki har bakin ƙofa, a nan ƙafata ta tsaya. Ina kallonki kina nufar bakin titi, ina kiran sunanki, amma wallahi kamar an kafe ni da ƙusa. Iya Basira ce ta watsar da tiren gyaɗarta ta cafko ki ta wuyan riga, daidai lokacin da wani okada ya gifta. Ta kawo ki tana haki, ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, sai ta dube ni ta fasa.

“Pele, omo mi,” kawai ta ce, wato sannu 'yata. “Pele.”

Kafin sati labari ya kai Zariya, wurin Gwaggo Ladidi, yayar Abbanki, wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Kada ki taɓa ɗaukar ta a muguwa. Ta bugo waya ta ce abin da kowace mai hankali za ta ce: yarinya ba za ta zauna hannun uwar da ba za ta iya bin ta waje ba. Bayan babbar Salla za ta zo ta tafi da ke, in na warware a dawo mini da ke. Ni kuwa na san riƙo, na ga yaran da aka ce za a dawo da su sai da aka zo ɗaurin aurensu. Abbanki ba ya iya musa wa yayarsa. Ya zauna a gefen tabarma yana murza hula.

“Rabi, wata uku ne kafin ta zo. In ta gan ki a tsaye, ita da kanta ba za ta ɗauke ta ba.”

“In kuma ba ta gan ni a tsaye ba fa?”

Ya sa hularsa ya ce ana jiransa wurin sana'arsa ta fata.

Likita Rahila ce ke yi mini gashin ƙashi, 'yar kudancin Kaduna, Kirista, doguwa mai dariya da ƙarfi. Hausarta irin tasu ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Ita na fara gaya wa abin da ke damuna, ina kuka ina ɗaga ƙafa kamar yadda ta ce.

“Rabi, kafa ya warke,” in ji ta. “Zuciya ne bai samu labari ba tukuna.”

Ta ce akwai wani abu da suka fara gwadawa a asibitin, ita da wata abokiyar aikinta mai kula da masu firgita. Wani irin tabarau ne mai kauri da ake ɗaurawa a fuska, ya rufe ido gaba ɗaya, da abin ji a kunne. In an sa, mutum sai ya ga kansa a wani wuri daban, duk inda ya juya wurin ne. Za su riƙa nuna mini titi ina cikin ɗaki, kaɗan-kaɗan, har jikina ya koyi cewa ana ganin mota a kuma rayu. Da na kai maganar gida, Baba ya ɗaure fuska.

“Abin da zai nuna maka abin da babu shi? Wannan ai aikin masu duba ne.”

Bai hana ba, amma ya ce sai ya gani da idonsa. Ya bar mayanka da wuri, ya yi wanka ya sa babbar riga, muka tafi da shi. Likita ta ɗaura masa tabarau ta kunna masa bakin teku. Ya juya hagu, ya juya dama, sai muka ga ya tattare babbar riga ya ɗage wando har gwiwa yana ja da baya don kada ruwa ya taɓa shi. Inna ta cusa bakin hijabi a baki, kafaɗunta na rawa. Da aka cire masa, ya dubi tayil ɗin ɗakin busasshe, ya dubi ƙafafunsa, ya sauke wando a hankali.

“Talabijin ne dai aka matso da shi,” in ji shi. “A yi mata. Amma wanda ya ba da labarin wandon nan a gida, ban yafe ba.”

Kafin la'asar Iya Basira ta ji.

Talata da Alhamis muke zuwa, ni da Inna. A ranakun nan ba ta fita da tanda ba, har masu sayen wainarta a bakin masallaci suka saba da wata, ba ta kuma taɓa ambata ba. Takan zauna a kusurwa kan farar kujera da carbinta. Ni kuma ina tsaye a tsakiyar ɗaki, Likita na gaban kwamfuta tana ganin abin da nake gani. Ta koya mini jan numfashi ta hanci a fitar ta baki a hankali, ta ce duk lokacin da ta tambaya in faɗi nawa tsorona yake daga ɗaya zuwa goma. In ya kai takwas a tsaya, in ya sauko a ci gaba. Titin farko da ta nuna mini na ƙasar Turawa ne, fes, ba ko leda, motoci na zuwa su tsaya da kansu su jira mutum ya wuce.

“Nawa?”

“Biyu. Likita, wannan ai ba titi ba ne. Ina kwandasta? Ina kwata?”

Ta yi dariya har da buga tebur. Ta ce ta sani, shi ya sa suka ɗauki namu da wata kyamara mai gani ta kowane gefe. Mako na uku ta kunna shi. Ummi, Legas ce ta faɗo mini a kai. Danfo, bas ɗin haya rawaya, a gabana, danfo a bayana, kwandasta ya maƙale a ƙofa yana “Ketu, Ojota, wole, wole!”, mai ruwan leda na ratsawa, okada na shiga tsakanin motoci. Hancina har ya ji warin hayaƙin da babu shi. Ban kai minti guda ba na fizge tabarau na durƙusa na yi amai a kwandon shara. Haka aka yi sau uku a jere. Da zarar hon ya yi yawa sai in manta da ɗakin, in manta da numfashi, in manta da ƙirga. Likita na magana, amma muryarta sai ta haɗe da na mutanen da suka taru a kaina a Ketu.

Sai ta ce abin da ya rage shi ne wata murya daga waje, wadda jikina ya sani tun kafin haɗarin. In na fara ɓacewa, mai muryar ya kira sunana ya gaya mini inda nake, ba sai an cire tabarau ba. Abbanki muka fara gwadawa. Ya zo da warin gishirin fata a jikinsa, ya tsaya bayan Likita yana kallon kwamfuta, shi ma titin ya ɗauke shi.

“Rabi, tsaya! Ga okada nan! Yanzu, gudu! A'a, dawo, dawo!”

“Oga,” in ji Likita, “abeg, je ka sha iska a waje.”

Ya fita yana ba da haƙuri. Daga nan Likita ta juya kusurwar da Inna take.

“Mama, ke ne ya kamata. In ta fara rawa, ki kira sunanta kawai.”

Carbin Inna ya tsaya. Ta dubi bango.

“Ai ta san sunanta.”

“Na sani, Mama. Amma ki kira.”

Inna ta ci gaba da jan carbinta. Na ga fuskar Likita ta canza, irin kallon da ake yi wa uwar da ba ta da tausayi, sai na ji ba zan iya bari a yi wa Inna wannan kallon ba. Na ja ta gefe na yi mata bayani da Turanci don kada Inna ta ƙara jin nauyi. Ta dafe baki. Ta ce ta yi shekaru a cikin Hausawa, ta san ana yi, amma ba ta zaci har a asibiti ba. Ta je ta rusuna a gaban Inna ta ce, “Mama, sori, ban sani ba.” Aka shirya Inna ta riƙa cewa “ke”, kamar yadda ta saba. Muka gwada. Amma a titin Legas kowa “ke” yake ce maka, da mai okada da mai turin baro, muryar Inna ta nutse a cikinsu. Sati biyu muka yi a haka, ba gaba ba baya, ga raguna an fara saukewa a bakin layin dogo. Duk ragon da na ji kukansa daga tsakar gida, sai in ji kamar Gwaggo ce ta ƙara matsowa.

Ranar wata Alhamis na ce wa Likita kada ta tsayar ko na kai goma. Ta ce ba haka ake yi ba, na ce na ji, amma ta ba ni ko daƙiƙa kaɗan ne. Ta kunna. Na wuce kwandasta, na wuce okada, ina numfashi, ina cewa shida, bakwai. Sai ga wata babbar mota ta taho daga hagu da hon mai tsawo. Na sha ganin wannan hoton, amma ban taɓa daɗewa har na iso wurin ba. Ɗakin ya tafi gaba ɗaya. Na ji nauyin kwando a kaina, na ji hannun dattijuwar a cikin nawa. An ce na faɗi a kan gwiwa ina ihu ina cewa, “Mama, taho, taho, kada ki tsaya!” Likita ta miƙa hannu za ta kashe. Sai na ji an kama hannuna na dama da ƙarfi.

“Rabi'atu.”

Na san muryar kamar yadda na san ƙishirwa, amma ban taɓa jin ta ɗauke da wannan kalmar ba. Ba “Rabi” na 'yan makaranta ba, cikakkensa, da irin jan da mutanen ƙauyensu ke yi.

“Rabi'atu, kina ɗaki. Ni ce. Wannan hannun ba na matar nan ba ne, nawa ne, ji tabon tanda. Matar nan ta tafi wurin Ubangijinta, ba ke kika kai ta ba. Ja numfashin da aka koya miki.”

Ban taɓa gaya wa kowa zancen hannun ba. Ashe na yi ta sambatunsa cikin zazzaɓi a asibiti, Inna kuma tana zaune tana kallon bango tana ji. Na shafa babban yatsanta na ji tabon ƙuna, wanda na sani tun ina ƙarama. Na ja numfashi. Motar ta zo, ta cika mini ido, ta wuce ta dama, ƙurarta ta bi ta. Ina nan a durƙushe, tabarau a fuskata, ban mutu ba.

“Nawa?” in ji Likita.

“Tara. Takwas. Bar shi, kada ki kashe.”

Da aka cire mini, Inna ba ta ɗakin. A waje muka same ta kusa da keke, ta ja hijabi har kan hanci. Kwana uku ba ta dube ni ba, abinci ma Sadiya take ba wa ta miƙo mini. Baba ya tambaye ni me na yi wa uwata, sai ita ta gaya masa daga cikin ɗaki, a gajarce, kamar mai ba da labarin ta fasa tulun mutane. Baba ya daɗe yana sakace.

“To, mene ne? Ni da hannuna na yanka ragon sunan nan. Ba haramun ba ne.”

A rana ta huɗu tana tsintar shinkafa, kina zaune a gabanta kina ɓarnar tsakuwa, ni ina bayanta ina ninke kaya. Da ke ta yi magana, ba da ni ba.

“Ke 'yar ɓarna, uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan yayana ba. Ranar da aka shigo da gawarsa ma, ‘yaron nan’ ta ce. Mu haka muka ga ana yi. Abin da ka fi so ba ka yawo da shi a baki, kada ido ya bi shi.” Ta watsar da wata tsakuwa. “Yanzu ga shi na zubar da abin uwata a ɗakin asibiti, gaban baƙuwa.”

Kika miƙa mata tsakuwa kika ce ta ci. Ta yi dariya tana share ido da gefen zane.

Ta ci gaba da kiran sunana, amma da sharaɗi: a ɗakin nan kawai, ƙofa a rufe, Likita kuma ta duƙufa a kan kwamfutarta kamar ba ta ji. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya ta kira ni kafin na daina buƙata. Daga nan aka koma titin gaske. Likita ta ba ni aikin gida: yau in tsaya a bakin ƙofa minti biyar, gobe in kai kwata, jibi in kai shagon mai burodi. Iya Basira ta mai da abin nata, kullum sai ta aike ni sayo abin da ba ta buƙata, kowace rana shagon ya ƙara nisa. Ana saura kwana biyu Salla na tsaya a bakin babban titi na ƙirga danfo ashirin, na dawo gida. Tsallakawa dai ban yi ba.

Kwana huɗu bayan Salla, da hantsi, Gwaggo Ladidi ta bugo ta ce motarsu ta sauke su a tasha, a turo wanda zai taho da ita. Tashar tana ƙetaren babban titi. Baba da Abbanki suna can cikin fatun layya, ko waya ba sa ɗagawa, Sadiya ta tafi yawon Salla. Inna ta ɗauko hijabinta. Na ce ta bari, ni zan je. Na sunkuya na goya ki, duk da kin yi girma da goyo, na ɗaure zane sau biyu. Inna ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta ce ita ma dama za ta sayo gishiri. Ta biyo ni a baya da tazara, ta wuce shago uku masu sai da gishiri, ta tsaya a bakin titi.

Ban san minti nawa na yi a tsaye ba. Tsoron yana kan takwas. Kina bayana kina ja mini kunne kina nuna mini wani rago da ya tsira. Na ja numfashi ta hanci, na jira wasu mata masu tire suka taru, na shiga tsakiyarsu. A tsakiyar titi wani danfo ya yi hon dab da ni, na tsaya cak, na ji nauyinki a bayana na ci gaba. Da na taka ɗaya gefen sai da na dafa turken fitila. Gwaggo na zaune a kan buhunta, ta gan ni tun daga nesa. Na durƙusa na gaishe ta, muryata na fita guntu-guntu.

“Ke kaɗai?” in ji ta.

“Mu biyu, Gwaggo.”

Ta leƙa bayana ta dube ki, ta dubi gumin da ya jiƙa mini hijabi, ta dubi titin. Ta ce in nemo mai baro.

Sati guda ta yi. Ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba, amma duk inda na motsa idonta na kaina. Ta ga cokali ya faɗi daga hannuna da tirela ta wuce. Ta kuma ga na tsince shi na kai ki Islamiyya na dawo. Har asibiti ta bi mu ta ce a sa mata tabarau, da danfo ya nufo ta ta yi salati ta kai masa duka da jaka. Ban warke ba a lokacin, Ummi, yanzu ma ban gama ba. Har yau ba na zuwa Ketu, kuma akwai ranakun da nake kaiwa bakin titi in juyo in ce na manta wani abu.

Ranar da za ta koma, tana haɗa kaya a tsakar gida, sai ta zaro wata 'yar jaka sabuwa, ja, mai hoton kyanwa, ko takardar kanti ba a cire ba. Babu komai a ciki. Kowa ya san ta zuba kayanki ce a tafi da ke. Abbanki ya sunkuyar da kai, Inna ta tsaya da ludayi a hannu, ni kuwa na ji tsoron da ya wuce goma. Gwaggo ta juya jakar, ta buɗe zif ta rufe, ta miƙo mini.

“Ungo. Ba zan koma da ita wayam ba, a yi mini dariya a Zariya. A cika mini da garin rogo, mai tsamin nan na Yarabawa.”

Iya Basira ce ta auno garin, ta danna shi har zif ya ƙi rufuwa. Muka raka Gwaggo tasha, motar ta tashi, tana ɗaga mana hannu ta taga. Ke kuwa kika zube a ƙasa kina birgima kina kuka, wai an tafi da jakar kyanwa, kuma ba a sa ki a mota ba.